Na'urar famfonmu ba ta da mai tayar da ita sai ni

Zuwa ga Babban Injiniyan kamfanin da ya kafa wa ƙungiyar manoman ranin ƙauyenmu na'urar famfo, a yankin Bunkure.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Sunana Nasiru. Bara na gama karatun lantarki, ƙungiya ta ɗauke ni in kula da famfon da ke ɗaga ruwa daga kanal zuwa gonakin tudu. Na je ofishinku a Kano aka ce ka yi tafiya, na bar saƙo, shiru. Shi ya sa na rubuto a fili.

1. Duk sanda janareta ya shaƙe wuta ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwar na'urar, wato microcontroller, takan daskare. Koriyar fitilar da ke nuna tana aiki tana nan a kunne, amma famfo ya tsaya. Ba ta farfaɗowa sai an kashe ta da hannu an kunna.

2. Maganin yana cikinta, ka fi ni sani. Akwai ɗan agogon gadi da ake kira watchdog. Ƙirga yake yi da bugunsa na kansa, ba ruwansa da babban agogon na'urar. Shirin kwamfutar da ke tafiyar da famfo shi zai riƙa mayar da ƙirgen farko a kowane zagaye, alamar yana raye. In ya daskare bai mayar ba, ƙirge ya cika, sai agogon ya tashi na'urar daga farko.

3. A tamu an kashe shi. Ma'aikacinku ya gaya mini dalili: wa'adin da aka ba agogon ya fi lokacin da na'urar ke ɗauka wajen auna ruwa gajarta, na'ura ta yi ta tashi daga farko ana gab da bikin buɗewa, aka kashe shi don kada a ji kunya gaban baƙi. Biki ya wuce, ba wanda ya dawo. Gyaran kaɗan ne: a tsawaita wa'adin zuwa kamar daƙiƙa biyu, a sa umarnin mayar da ƙirgen wuri ɗaya, a ƙarshen babban zagaye. Da zan iya da na yi, amma wajen ɗora shiri ake kunna shi, ku kuma kun kulle shirin.

4. A nan ruwa layi ne. Wanda layinsa ya wuce sai zagaye ya dawo, maƙwabci ba ya ba da nasa. Wata Juma'a na tafi masallaci na'urar ta daskare, layin Malam Sale ne, dattijon da ya yi dashen tumatir a makon. Ya hango koriyar fitila, ya zauna a inuwa yana jiran ruwa har lokacinsa ya ƙare. Dashen ya kwanta. Bai zage ni ba. Ya dai daina tsayawa mu gaisa, kuma da ma shi kaɗai ke tsayawa.

Shugabannin ƙungiya sun ce in haka ta sake faruwa, ni da na'urar za mu tafi tare. Tun daga nan ban bar ɗakin famfo ba muddin ana ba da ruwa. Ba kasuwar Kura, ba ɗaurin auren abokina a Kumbotso. Ina cin abinci kunnena na kan ƙarar injin. Ran Juma'a ina jin huɗuba daga nesa, in tashi in yi azahar ni kaɗai a bakin ƙofa.

Roƙona biyu ne. Ka turo wanda zai kunna agogon, ko ka buɗe mini shirin in yi a gabanku. Sannan ka sanar da ƙungiya inda matsalar take, don Malam Sale ya ji daga bakinku.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa albarka a aikinka. Ranka ya daɗe, a ba na'urar nan mai gadinta, ni ma in samu jam'i.

Wassalam.
Nasiru, ɗakin famfo.