Okid ɗin kan dutse

Litinin, 3 ga Maris

Ta buɗe! Okid ɗin, tsiron dajin nan da na ciro daga tsagin dutse bara, fure ɗaya tak, fari, bakinsa ja. Na shiga ɗakin gwaji ko jaka ban ajiye ba, na tsaya ina ta murmushi ni kaɗai kamar wata zautacciya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na haɗa ta da ta bakin rafi, mai ruwan ɗorawar nan. Da tsinken sakace na ɗebo garin furen waccan na shafa wa tawa. In ya kama, za a ga launin da ba a taɓa gani ba, kuma daga hannuna.

Dogo, abokin aikina, bai ji daɗi ba. Wai kamata ya yi a fara samun irinta zalla, tunda ba mu san ko saura nawa a dajin ba. Na ce masa dutsen cike yake da su, ya je ya ƙirga. Mutumin nan ko dariya sai an roƙe shi.

Talata, 12 ga Agusta

Kwanson irin ya nuna. Irin kamar ƙura, ko numfashi mai ƙarfi ban yarda na yi ba. Na dafa kwalabe, na zuba abincinsu ya daskare, na shuka. Da na ba Inna labari sai ta ce, "To, kin aurar da fure, saura ke." Har ƙanwata ta ƙware don dariya.

Laraba, 17 ga Satumba

Kore! Ɗigo-ɗigo kamar kan allura. Na kira kowa ya gani, har direba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Fumfuna ta ci rabin kwalaben. Na yi kuka a bayan firji. Dogo ya wanke hannu, muka wuni muna kwashe masu rai zuwa sababbin kwalabe. Hannunsa ya fi nawa nutsuwa, wannan kam ba zan faɗa masa ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Na je dutsen in ƙaro wasu. Babu dutsen. Masu hanya sun fasa shi, sai tsakuwa da motoci. Na zagaya har ƙafata ta yi bororo, ko ganye ban samu ba. Wani mai tuƙa katafila ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Ke nan wadda na ciro bara, ta kan tagarmu, ita kaɗai na sani ta rage.

Litinin, 9 ga Maris

'Ya'yan kwalba sun yi saiwa, mun fitar da su cikin ɓawon itace. Kyawawa! Shugaban wurin aikinmu har hoto ya ɗauka. Uwar ma ta sake buɗewa, fure ɗaya. Shugaba ya ce in haɗa ta da shuɗiyar da aka kawo mana, abin da na shekara ina mafarki.

Laraba, 11 ga Maris

Da garinta na haɗa ta. Ita da kanta, zalla. Shuɗiyar ba gudu za ta yi ba, kuma dama furenta bai gama buɗewa yadda nake so ba, shi ne kawai dalili.

Dogo ya karanta alamar da na rataya a jikin tukunyar, ya juyo ya dube ni. Na ce ya matsa, ya tare mini haske.

Ashe yana da wushirya.