Sunan da Jipar Ba Ta Faɗa

Zuwa ga ɗana Ermek,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a kamfanin kujeru. Mu nan lafiya lau. An gama girbin wake, gwiwata kuwa tana nan da halinta. Matarka Jipar ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe, amma mahaifiyarka ta kasa raba ta da tukunya.

Takardarka na kusa haddace ta. Ka ce unguwar da ka sauka a Turkiyya sunanta Talas, irin sunana, kuma a wurin mutanen can jika sunan kakansa yake ci, saboda haka in namiji ne kana so a sa masa nawa. Wallahi kaina ya kumbura. Na taka har gidan Sagin maƙwabcinmu na lissafa masa: koginmu Talas, garinmu Talas, ga gunduma a Kazakistan, ga wani direba takwarana da na taɓa shan shayi da shi a Tashkent, yanzu ga Turkawa ma sun bi sahu. Ya ce saura akuyarsa, in ta haihu zai sa wa ɗan. Hassada ce kawai, shi sunansa ko rijiya bai samu ba.

Ni zan raɗa sunan, ka kuma san abin da raina yake so. Ka riƙa sa rigar sanyi.

Mahaifinka,
Talas

Zuwa ga ɗana Ermek,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, albishirinka: namiji ne, ƙato, da hancinka sak. Uwa da ɗa suna lafiya.

Sai dai ban sa masa sunana ba, kuma kada ka yi fushi kafin ka kai ƙarshen takardar nan. Ka daɗe a waje har ka manta, ni kuma son kai ya mantar da ni, cewa a wurinmu suruka ba ta kama sunan uban mijinta. Tun da Jipar ta shigo gidan nan sunana bai fita daga bakinta ba. Kogin, a wurinta, ruwan Baba ne. Bara da ta raka mahaifiyarka asibiti a Bishkek babban birni, wajen dawowa a tasha direbobi suka yi ta tambayarta ina za ta, tana cewa garin wake, suna dariya. Cikin sanyin nan ta tsaya har wani ɗan kamasho ya ƙwala sunan garin, sannan ta ja tsohuwa suka shiga mota.

Da aka gaya mata shawararka ba ta yi musu ba, madalla kawai ta ce. Amma da safen ranar suna ina ɗaure doki a bayan ɗaki na ji tana tambayar mahaifiyarka a hankali: "Inna, in ya yi wayo ya nufi ruwan Baba da gudu, da wane suna zan kira shi ya tsaya?"

Na bar dokin na shiga wurin taron suna, Ermek. Na yi kiran salla a kunnen yaron, na raɗa masa Kubat. Da aka miƙa mata shi ta yi ta maimaita sunan da ƙarfi, har ƙannenka suka soma yi mata tsiya wai za ta ƙarar da shi tun yau. Sagin ya ci naman suna, ya ce ashe har yanzu akuyarsa tana da rabo.

Ban yi asara ba. Daga nan har inda kake, masu kiran sunana ba sa ƙirguwa, a tasha, a gada, a bakin iyaka. Mutum ɗaya ce ta ƙi kiransa, kuma da ita na fi alfahari, domin duk cikinsu babu wanda ya girmama shi kamarta. Ka sayo mata mayafi mai kyau in za ka dawo.

Mahaifinka mai sa maka albarka,
Talas