Kwanon Hajiya Ya Dawo a Rufe

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya Kumasi, ya maigida da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi dai?

Yaya, littafin nan da nake rubutawa kan fadar sarakunan Italiya na dā ya ja mini. Akwai inda amaryar yarima ta zuba wa uwar mijinta guba a miya don sarauta ta dawo hannunsu. Ƙanwar mijina ta tsinci takardun, ta je ta karanta wa surukata, Hajiya.

Na durƙusa na ce, “Hajiya, Turawa ne fa, sun mutu tun kafin kakanninmu.” Ta ce, “To me ya sa tsohuwar take ɗingishi kamar ni?” Wallahi ɗingishinki na ara, amma wa zai yarda?

Tun ranar, kwanon sakwarar da nake aika mata Adogi a rufe yake dawowa. Wannan ma da sauƙi. Jiya mijina, Malam, da kansa ya zauna bai taɓa abinci ba, sai da ya ga na kai loma. Na ajiye alƙalami, kuma ban ga ta inda za a gyara ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da yara. In kin zo Lafiya da sallah, ko ke kaɗai ce ki ci girkina.

Ƙanwarki,
Rabi