Faifan Mushe Garba

Zuwa ga yaron nan da ke Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina rubuta maka a nan, inda kowa zai gani, tunda ka daina ɗaukar wayata.

Kai ne ɗan farina. Ka san ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa yabonka gaban mutane ba. Haka aka rene mu a Kurfai. Sau ɗaya na karya wannan kunya, kuma ka san ranar.

Ranar ce maƙwabciyarmu Inna Hajo ta shigo da tsohon faifan ordinatar, wato kwamfutar mijinta, marigayi Mushe Garba malamin makaranta, naɗe cikin kallabi. A ciki ya ajiye hirarrakin da ya yi da tsofaffin ƙasar nan, da muryarsa yana yi musu tambayoyi. Idanunta sun tafi, hoto ba ya yi mata komai. Muryar take so.

Ka jona shi, ka kara kunne. Ka ce yana juyawa lafiya, abin da ke ciki bai taɓu ba. Ɗan karatun da aka rubuta masa tun daga masana'anta ne ya rikice, shi ya sa ya manta sunansa, yake cewa girmansa sifiri ne. Ka ce sai an samo tagwaicinsa, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, a kwafo masa.

Ni kuwa, da bakina, gaban mata a gidan suna, na ce: ku bar wa ɗana, babu abin da ke gagararsa. Gwaggonka ta rufe baki da gyale.

Damina ta wuce, an yi girbin hatsi, shiru.

Ƙanwarka ta gaya mini gaskiya. Ba ka samu tagwai ba, ka samu mai kama da shi. Ka ɗora masa karatun wancan ba tare da ka fara adana nasa na asali ba. Yanzu sai ƙas-ƙas yake yi. Sau nawa na ce maka ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari?

Amma ba ɓarnar ke hana ni fita ba. Kowace safiya Inna Hajo na dafa bango ta zo gaishe ni. Ta tambayi gajiya, ta tambayi awaki. Ba ta taɓa tambayar faifan ba. Shekaranjiya ta kawo mini kukar miya, ta ce a aika wa yaro, "Yamai ba su da irin tamu, kuma aiki ya yi mishi yawa." Na karɓa, na kasa ɗaga kai.

Rabin nauyin nawa ne. Ni na ɗora maka kayan da ba a saukewa, har kake jin gara ka ɓuya.

Ka zo. In akwai wanda ya fi ka sanin aikin, ka fara kai masa, wannan ba faɗuwa ba ce. In babu, ka kawo mata abinta cikin kallabinta. Ba kai kaɗai za ka shiga ba. Ni zan yi sallama, kai ka yi bayani.

Allah ya jiƙan Mushe Garba, ya ba Hajo haƙuri, ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya.

Kukar tana nan. Ba zan ba direba ba, sai ka zo ka ɗauka, Sanusi.

Mahaifiyarka,
daga Filinge.