Kalangun Mai Gidan Nan

Littinin, 13 ga watan Layya

Sallah ta wuce, nama ya ƙare, hayaniya ba ta ƙare ba. Wai samarin Mafara sun haɗa bikin makaɗa hilin bayan kasuwa, za a yi ƙarshen sati. Tun hantsi sunka kama gwajin lasifika. "Ana ji? Ana ji?" Ana ji mana, ko kurma ya ji. Gwiwata na ciwo.

Talata, 14

Kasuwa. Ban tahi ba. Kaltumi maƙwabciyata ta dawo da baki cike. Masu hiyano, injin kiɗin nan na zamani, sun zo daga Gusau da janaretonsu, matan amada na Bakura da ƙoransu, da wani mai kukuma mai ido guda. Tac ce, "Gimbiya, ba ki zuwa kallo?" Nic ce ni da nij jima gidan makaɗi, na yi kallon da za ya kai ni kabari.

Kalangun mai gidan nan na nan inda yab bar shi, rataye ga ƙusa. Damina ta biyu ke nan da rasuwatai. Kunnena na hutawa.

Larba, 15

Ɗanasabe ya zo. Abokin kiɗin mai gidan nan na, tun suna samari suke bin mahauta tare, Mafara, Bakura, Maradun, duk inda anka kada sa. Sai da yay yi magana nig gane shi. Ya zube, riga na yawo jikinai. Munka gaisa, gida, iyali, ruwa, gajiya, haƙurin rashi, har yanzu bai kai ga abin da yak kawo shi ba. Na san halin makaɗa, sai sun zagaya gari kahin su shiga gida.

Ɓarayin daji sun ƙone ƙauyensu bara, can bayan Maradun. Da rigar jikinai yah hito. Kalangunai ya tahi cikin wuta. Yanzu shina wajen ɗan ƙanenai, shina cirar ciyawa gonakin shinkahwa na Bakolori. Hannuwan sun tsattsage.

Yac ce Lukman, shugaban samarin, ya sa kiɗin mahauta ran Assabar da sunanai shi Ɗanasabe. In Juma'a ta yi bai samu kalangu ba, yaran Gusau za su hiddo kalangu daga cikin hiyano. Yac ce, "In mahauta sunka saba da na inji, Gimbiya, ni an binne ni ina tahiya. Ki ara mani na mai gidanki Nagode, wuni guda."

Nic ce a'a. Bai tambayi dalili ba, ni ko ban ba shi ba. Na zuba mai hura, ya sha rabi.

Dalilin na rubuta nan tunda takarda ba ta da baki. Kowane mahauci da takenai, wanda in an kaɗa ya san da shi ake. To ni ma mutumin nan ya yi mani nawa. In ya dawo yawonsu, tun daga kwanar masallaci shike matsa kalangun: Gimbiya ɗora tukunya, Gimbiya ɗora tukunya. Unguwa duk ta sani. Yara na bi na da shi har rijiya. Na yi hwaɗa, na yi gaba, bai bari ba har yat tsuhwa. Wani lokaci ba ko ƙwayar dawa gidan, amma a ɗora tukunya. Ban son in ji muryar kalangun ga, mai shi na ƙasa. Ke nan.

Alhamis, 16

Ruwa tun asuba. Ɗaki na zuba ta gabas. Na matsar da kalangun bangon yamma, damshi na kashe hwata.

Juma'a, 17

Sun hwara. Sabo da halin da ake ciki, kahin magariba kowa ya watse, don haka tun azahar suke ta ɗirka. Matan Bakura ba laihi, babbarsu na da wuya. Na Gusau ƙara kawai, har kwanona na rawa bisa kanta. Can sai nij ji sun gwada kalangun nasu na inji. Kamar ana dukan bokiti. Mutane sun yi ihu dai, su komi ihu.

Lukman ya shigo da kanai, da hula karkace. "Dada, ki taimaka, tsohon nan ya ba ni tausai. Za mu kula da shi kamar ƙwai." Nic ce ƙwan da kuka ci da Sallah? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Yac ce to shi ya yi nashi, gobe sai inji.

Da la'asar na hita zubar da ruwan wanke-wanke, sai ga Ɗanasabe gindin dogon yaro na ƙohwar gida. Bai gan ni ba. Mai kukuma na yi can hili, shi ko ya matse hammata, babu komi cikinta, yatsu na tahiya bisa gwiwa. Tsoho da hurhura shina kaɗa iska.

Na koma ciki. Na zauna. Na tashi. Gwiwar nan.

Nic ce wa Kaltumi ta kira mani shi. Da nis sauko da kalangun yak karɓa hannu biyu, ya jujjuya, ya shinshina tsarkiyar. Yac ce, "Wa ke shahwa mai man shanu?" Nic ce don kar ya tsage ya cika mani ɗaki da datti na, kar ka ɗauko wata magana. Yac ce, "Ban ce komi ba, matar yaya."

Na kahwa mai sharaɗi. Ka kaɗa na mahauta, ka kaɗa na uban kowa. Wancan guda, kar in ji shi. Yac ce ya ji, ya rantse.

Ƙusar ta yi wani iri. Na rataya mata tsumma.

Assabar, 18

Ban tahi ba. Na ce ba ni zuwa kuma ban je ba. Na zauna tsakar gida ina tsintar wake.

Bayan la'asar janareto yam mutu. Allah ya yi mai albarka. Gari ya yi tsit, sai ga shi. Ko cikin kalangu dubu na san shi, shina da 'yar shaƙewa wajen ƙasa kamar mai mura. Taken Sarkin Hwawa, taken Ɗan Juma mai tsire, har na mutanen da sunka mutu tun dauri, ɗiyansu na amsawa. Ihun mahauta har nan. Kaltumi tac ce wani tsohon mahauci ya cire rigatai ya yahwa mai, shina kuka kamar an yanke mai yatsa.

Ya cika alkawali. Bai kaɗa ba. Na saurara har ƙarshe don in tabbata.

Da yak kawo shi ma, ya wuce kwanar masallaci shiru, ya yi sallama kamar mai bara. Wake na nan rabi ban tsince ba. Tukunya kuma na bisa wuta, ban san sa'ad da niɗ ɗora ta ba, tuwon ya hi na mutum guda. Ya ci, ba a zubar da abinci.

Lahadi, 19

Sun watse. Hili duk leda. Kalangu ya koma ƙusa, ɗaki ya yi shiru. Kai na ciwo.

Littinin, 20

Mahauta sun ce Ɗanasabe ya riƙa zuwa masu ran kasuwa. Da mi? Ya zo sallama za ya koma ciyawatai. Nic ce ɗauki abin ga, hwata in ba a kaɗa ta lalacewa take, ni na gaji da sayen man shanu. Nic ce amma nan za ya riƙa kwana, ka ɗauka da sahe ka maido da marece.

Har ya kai zaure nic ce, "Wancan ɗin, mantawa ka yi?"

Yac ce, "Ke kinka hana."

Nic ce, "Ga hili nih hana, gaban jama'a. Tahi dai."

Talata, 21

Kasuwa ta tashi da wuri, hadari. Daga kwanar masallaci nij jiyo shi. Shina jan ƙarshen da yawa, mai gidan nan ba haka shike yi ba. Ban hwaɗa mai ba, sai wani sati. Ƙananan yaran unguwa, da sunka san ni da Dada kawai, sun tambayi Kaltumi wace ta Gimbiya.

Tukunyar dai ya iske ta bisa wuta. Gwiwa ta yi sauƙi yau, har zaure na kai ba sanda. Maganin Kaltumi na, ina ji.