Shinkafar da Injin Ya Ƙi

Argungu, bayan ƙaramar salla, 1993

Zuwa ga ɗana Muhyiddeen a Zariya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Sadatu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka na koyar da ilimin injuna. Mu nan lafiya lau. Gwaggonka Baiwa ta yi fama da ƙafa, ta samu sauƙi. Ni ke faɗi, jikata Zakiyya ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Tun da anka ba mu jiha, wasu masu kuɗi sunka kafa babban injin casar shinkafa a hanyar Birnin Kebbi. Shinkafar gwamnati, mai gajeren kara, yana cashe ta lafiya. Tamu ce ya ƙi, jar nan 'yar Gulma da kakanka Hodi ya ɗauko irinta a kwalekwale. Ka san gashin da ke bakin ƙwayarta. In anka zuba shanshera, shinkafa da ɓawonta, a mazurarin ƙarfen injin, sai ta sarƙe ta tsaya, sama cike, ƙasa ba ko ƙwaya. Ma'aikata sun ari taɓarya suna dukan mazurarin har ya lotse ko'ina. Wadda ta samu ta wuce kuma, rabinta tsaki take fitowa.

Na je da kaina na ga injiniyan wurin, Kalilu, mutumin kirki ne. Ya ce shi ma bai san dalili ba. Can inda anka ƙera injin da tasu shinkafa anka gwada shi, babu wanda ya taɓa auna tamu. Ya ce ko gashin ne, ko gangaren mazurarin, ko yadda matanmu ke turara ta su shanya a inuwa, sai an bincika, shi kuwa ba shi da kayan awo, ba shi da lokaci. Na ce to su daina dukan ƙarfe, bai yi musu laifi ba. Ya yi dariya ya ce Baba, in ba a doka ba, sai a tashi aiki.

Yanzu masu injin sun sanar ba su ƙara karɓar ja. Wanka Usmanu, da gonar fadama ke hannunsa, ya riga ya sayo sabon iri. Na tuna masa shekarar da gulbin Rima ya cika har gindin tsamiyar nan da ake kira tsamiyar Abu, ja kaɗai ta bi ruwa ta miƙe, sauran duk sunka nutse. Ya ce tsoho, ba tarihi za ya kai kasuwa ba. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Da ƙyar ya bar mini kunya huɗu a bakin ruwa, bana kaɗai. Gidajen Augie da Gulma da na sani da irin nan duk sun cinye nasu.

Buhu guda ya rage a rumbu. Na raba shi biyu, rabi na hannun Ikrama direba tare da takardar nan. Ka sa ɗalibanka su zuba ta, su auna, su gano abin da ke tsayar da ita, su faɗa wa Kalilu. Usmanu ya ce in injin ya karɓa kafin shukar baɗi, za ya koma mata. Ban ce ka yabe ta ba. In ita ce da laifi, ka rubuto haka, Zakiyya ta karanta mini.

Ka gaida Sadatu da Taufiq da Jannatu. Baiwa da ƙanwarka Ɗayyaba na gaishe ku. Ka gaya wa Sadatu wannan ba ta tuwo ba ce. Abin da bincike bai ci ba, ka maido mini kafin ruwan fari, iri ne.

Naka baffa,
Dankure