Jinin Dasashi da Shirun Wata Goma Sha Huɗu

Zuwa ga ƙanina, Autan gidanmu,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace daga babban wa zuwa ga ƙanensa da nisa ya ɓoye, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu muna nan yadda ka bar mu, sai ƙarin tsufa. Inna ta samu sauƙin gwiwa har ta koma faɗa da maƙwabta, abin da muka ɗauka tabbacin warkewa ne. Babbar 'yata ta samu aiki, ƙaramar kuma tana nazarin wayarta da himmar da ban taɓa gani ba a shekara ashirin da na yi ina aiki a ɗakin karatu.

To, ka gyara zama, zan sauke maka kayan da suka gajiyar da ni. Ka tuna marigayi Baba a bakin famfo da safe, yana dirzar haƙora kamar mai kankare tukunya, ya tofar, ya duba, ya ce mana in ba a ga ja ba baki bai wanku ba. Ni da kai muka karɓi wannan karatu ba mu nemi hujja ba. Shekara arba'in ina ganin jini kowace safiya ina yaba wa kaina tsafta.

A bara kuma wata muhimmiyar ma'aikata a jikina ta fara zuwa aiki a makare, daga baya ta daina zuwa, ba takardar murabus. Littattafai suna kiran abin raunin mazakuta. Kai mai iyali ne, ka gane. A lokacin hutun rana na karance kanta uku na littattafan likitanci, daga zuciya har ƙoda, amma matar yayanka ban ce mata ko uffan ba. Sai na kwashi bargo da littattafai na tare a falo, na ce wani babban bincike nake yi. Ta canza turare, ta canza kitso, ta ɗinka sababbin kaya, ni kuwa ina juya shafi. Daga nan ta daina. A watan jiya ta shaida mini za ta je wurin yayarta ta huta, ba ta kuwa faɗi ranar dawowa ba. Bayan shekara ashirin da uku da aure, na san ma'anar hutun da ba shi da rana.

Ana cikin haka wani turmin haƙorina ya fara girgiɗi, dole na je asibiti. Likitar haƙorin yarinya ce sa'ar babbar 'yata. Ta kwantar da ni, ta haska mini fitila, ta riƙa zura wani siririn ƙarfe tana faɗa wa abokiyar aikinta lambobi: shida, bakwai, takwas. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka maki ake ba ni bisa goma. Ashe zurfin ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori take aunawa, kuma yawansa ba abin alfahari ba ne. Ta ce lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini. Na kafa mata hujja da Baba. Ta yi masa addu'ar rahama, sannan ta tambayi haƙora nawa ya rasu da su. Na ƙirga a zuci, Auta. Biyar.

Ta tambaye ni taba, ciwon suga da hawan jini. Sannan, idonta a kan takarda, ta ce bincike ya nuna maza masu daɗaɗɗen ciwon dasashi sun fi yawan kukan irin wannan rauni, ana zaton kumburin yana taɓa ƙananan hanyoyin jini. Ta ƙara da cewa ba a tabbatar ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba, don haka kada in sa rai da mu'ujiza, in je babban likita ya gwada ni. Ni da na yi zaton na karanta duniya, ban taɓa tunanin rigimar saman bene za ta shafi masu zama a ƙasa ba.

Ranar Asabar da rana, ana gobe tafiyarta, na sami matata a kicin tana wanke-wanke. Na shirya jawabi mai gabatarwa da babi uku, amma da na buɗe baki in faɗa mata gaskiyar abin da ke damuna, jimla biyu suka fito a karkace. Ta gama ɗauraye kwanon da ke hannunta, ta kife shi, ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, “Wata goma sha huɗu ina duba madubi ina neman laifina, kai kana falo kana gadin mutuncinka.” Washegari ta tafi. Sai dai a bakin ƙofa ta ce mako uku za ta yi, in ta ga dama.

Yau kwana goma sha ɗaya. An kankare mini haƙora sau biyu, jinin ya ragu, babban likita ya ɗebi nasa muna jiran sakamako. Ma'aikatar nan dai ba ta dawo ba tukuna, kuma na gano ba ita na fi kewa ba. Abu biyu nake nema gare ka. Ka je a duba bakinka, domin makaranta ɗaya muka yi. Sannan ka roƙar mini matarka ta kira matata, don tana jin maganarta. Kada ta ce ina da gaskiya, ba ni da ita. Ta gaya mata kawai na kwashe bargona daga falo.

Ka gaida mini matarka da tagwayenka, da Kawu Dogo in kun haɗu. Inna da 'ya'yanka biyu na wajena suna gaishe ka. Wannan takarda kada ta wuce idonka da na matarka.

Naka,
Yayanka, mai sauran haƙora ashirin da tara.